Kisan Tausayi: Ma'anar Kalmar da Abubuwan da Ake Cusawa a Cikinta

Duk lokacin da wata majalisa a Turai ko Amurka ta zauna kan dokar ba wa majinyaci damar neman likita ya gaggauta mutuwarsa, mai fassara labarin zuwa Hausa yakan tsaya ya yi jim, domin ba shi da kalma guda tilo da za ta ɗauki nauyin abin da ake nufi. Wani ya ce kisan tausayi, wani ya ce kisan jinƙai, wani kuma ya gwammace ya yi dogon bayani cewa kashe marar lafiya ne don a hutar da shi daga azaba. Wannan tsayawa ta mai fassara ba gazawar harshe ba ce. Abin da ke faruwa shi ne, ana ƙoƙarin sanya wa ayyuka huɗu ko biyar masu bambancin hukunci suna guda, kuma sunan da kansa yana ɗauke da hukunci tun kafin a saurari hujja.

Kalmar da Turawa ke amfani da ita, wato euthanasia, ta samo asali ne daga harshen Girka, inda aka haɗa eu mai ma'anar kyau ko sauƙi, da thanatos mai ma'anar mutuwa. Ke nan asalin ma'anarta kyakkyawar mutuwa, kuma babu kisa a cikinta ko kaɗan. Masanin tarihin Rum, Suetonius, ya ruwaito cewa Sarki Agustus, wanda ya rasu a shekara ta 14 Miladiyya, yakan yi wa kansa da iyalinsa fatan irin wannan mutuwa duk sa'ad da ya ji labarin wani ya cika cikin hanzari ba tare da wahala ba. Bahaushe ba zai ji baƙon abu a nan ba, domin shi ma yakan roƙi Allah ya sa ya cika da kyau da imani, ya kuma tsare shi daga doguwar jinyar da za ta gajiyar da shi da masu jinyarsa. Ko a farkon ƙarni na 17, lokacin da masanin Ingila Francis Bacon ya shigo da kalmar cikin maganar likitanci, abin da yake kira gare shi shi ne likitoci su daina guje wa wanda suka yanke ƙauna daga warkewarsa, su tsaya su sauƙaƙa masa raɗaɗi har rai ya yi halinsa.

Ma'anar ta juya ne a ƙarni na 19, bayan da aka samu magunguna masu gusar da zafi da masu sa barci mai nauyi. A 1870 wani mai suna Samuel Williams, wanda ba likita ba ne, ya gabatar da maƙala a birnin Birmingham yana cewa ya kamata a yi amfani da maganin sa barci a kawo ƙarshen rayuwar wanda ke fama da ciwon da ba ya warkewa idan shi da kansa ya nema. Daga nan kalmar ta tashi daga siffanta yadda mutuwa ta zo wa mutum, ta koma sunan aikin da wani ke yi don ya kawo ta. A 1935 aka kafa ƙungiyar neman halatta wannan aiki a Ingila, a 1936 kuma Majalisar Dattawan ƙasar ta yi watsi da ƙudurin farko da aka kai mata. Abin da mutane ba su sani ba a lokacin shi ne, a farkon wannan shekara likitan Sarki George na Biyar, Lord Dawson, ya yi wa sarkin allurar mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, da hodar iblis yana gargarar mutuwa domin ya gaggauta cikawarsa, kuma sai a 1986 aka bayyana hakan daga littafin da likitan ke rubuta al'amuransa. Ba sarkin ne ya nema ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna irin tambayar da ke bin kalmar duk inda ta shiga: tausayin wa ake magana, kuma wa ya yanke shawara?

Babu inda wannan tambaya ta fi muni kamar Jamus. A 1920 wani masanin shari'a, Karl Binding, da wani likitan ƙwaƙwalwa, Alfred Hoche, suka wallafa ɗan littafi suna neman a halatta kawar da abin da suka kira rayuwar da ba ta cancanci a raya ta ba. A watan Oktoba na 1939 Hitler ya sa hannu a wata gajeriyar takarda, aka mayar da kwanan watanta zuwa 1 ga Satumba, ranar da yaƙi ya ɓarke, wadda ta ba wasu likitoci izinin yi wa marasa lafiyar da ake ganin ba za su warke ba abin da takardar ta kira Gnadentod, wato mutuwar alfarma ko mutuwar jinƙai. A ƙarƙashin wannan suna mai taushi aka riƙa kwashe masu taɓin hankali da naƙasassu daga asibitoci da gidajen kula da su, ana kai su cibiyoyi shida ana kashe su da iskar guba, sannan a aika wa iyalansu wasiƙar ta'aziyya da ƙaryar cewa wata cuta ce ta ɗauke su. Zuwa watan Agusta na 1941, lokacin da Bishop von Galen na birnin Münster ya fito fili a huɗubarsa ya kira abin da sunansa na kisan kai, an riga an kashe mutum kusan 70,000. An sanar da dakatar da shirin, amma kisan ya ci gaba da yunwa da allura har ƙarshen yaƙi, kuma da yawa daga ma'aikatan shirin su ne aka tura sansanonin da aka hallaka Yahudawa a Polan. Wannan ne dalilin da ya sa har yau Jamusawa ke ƙyamar kalmar, suka koma amfani da wata mai ma'anar taimako wajen mutuwa.

Ina ganin duk mai son fahimtar muhawarar yau dole ne ya riƙe wannan tarihi a zuciyarsa, ba don masu neman dokar a yanzu 'yan Nazi ne ba, domin zalunci ne a ce haka, sai don ya ga yadda kalmar tausayi ke iya zama mayafin da ake lulluɓe kowane irin aiki da shi. Su ma masu goyon bayan dokar sun san da wannan tabo, shi ya sa kusan kowace ƙasa ta ƙirƙiro nata sunan. Jihar Oregon ta Amurka ta kira dokarta ta 1997 dokar mutuwa cikin mutunci. Kanada ta kira tata, ta 2016, taimakon likita wajen mutuwa. Masu adawa kuwa sun nace a kan a ce kisa ko taimaka wa mutum ya kashe kansa. Kowane ɓangare ya san cewa wanda ya yi nasarar sanya wa abin suna ya riga ya ci rabin gardamar.

To, waɗanne ayyuka ne ake tarawa a ƙarƙashin wannan suna? Na farko shi ne likita da hannunsa ya yi wa majinyaci allurar da za ta kashe shi, bisa roƙon majinyacin. Wannan shi ne abin da dokar Holan da ta Beljiyam, waɗanda suka fara aiki a 2002, suke nufi da kalmar, haka ma Luksambag a 2009 da Sifaniya a 2021. A Holan har yanzu aikin laifi ne a kundin hukunta laifuka, sai dai ba a hukunta likitan da ya cika sharuɗɗa: majinyacin ya nema da kansa bayan dogon tunani ba tare da tilas ba, wahalarsa ta kai wadda ba ta jurewa kuma babu alamar sauƙi, an yi masa cikakken bayanin halin da yake ciki, babu wata mafita mai ma'ana, wani likita mai zaman kansa ya duba shi ya rubuta ra'ayinsa, sannan a kai rahoto ga kwamitin da ke bitar kowace mutuwa. A 2023 an kai rahoton mutum sama da 9,000 da suka mutu ta wannan hanya a Holan, wato fiye da kashi 5 cikin 100 na dukan mace-macen ƙasar a shekarar, a Kanada kuma adadin ya haura 15,000. Beljiyam ta cire iyakar shekaru a 2014, Kanada kuma a 2021 ta buɗe ƙofa ga waɗanda ciwonsu mai tsanani ne amma mutuwarsu ba ta kusa ba. Irin wannan faɗaɗawa ita ce babbar hujjar masu cewa ƙofar idan an buɗe ta ba ta tsayawa inda aka yi alkawari.

Akwai kuma wanda likita ke rubuta maganin kawai, majinyacin ya sha da hannunsa. Haka tsarin Oregon yake, haka kuma na Suwizalan, inda tun 1942 dokar ƙasar ba ta hukunta wanda ya taimaka wa wani ya kashe kansa sai idan son zuciya ne ya sa shi. Masu wannan tsari suna ganin bambancin babba ne, domin mataki na ƙarshe a hannun mai rai yake, kuma da yawa daga waɗanda aka ba maganin a Oregon ba sa sha har ajalinsu ya zo.

Sai kuma wanda ya fi dacewa da sunan kisan tausayi a yadda masu magana da Turanci ke amfani da shi a kotu da jarida, wato miji ko ɗa ko ma'aikacin jinya ya kashe marar lafiya da kansa, ba likita ba kwamiti, sau da yawa ma ba tare da an tambayi marar lafiyar ba, daga baya ya ce tausayi ne ya sa shi. Wannan laifin kisan kai ne ko a Holan da Beljiyam, iyaka alƙali ya sassauta hukunci. Idan mai fassara ya kira dokar Holan da wannan aika-aika da suna guda, ya haɗa abin da dokar kanta ta raba.

Inda na fi son a tsaya a yi nazari shi ne sauran biyun, domin su ne suka shafe mu kai tsaye, kuma su ne aka fi zalunta da wannan suna. Ɗaya shi ne janye na'urar da ke taimaka wa majinyaci numfashi ko barin wani magani da ya tabbata ba ya ƙara wa majinyaci komai sai tsawaita gargara. A littattafan Turawa an daɗe ana kiran wannan da sunan da ke nuna shi ma wani nau'i ne na kisan tausayi, wai na barin yi, kuma wannan suna ya jawo ruɗani mai yawa. Labarin Karen Ann Quinlan ya isa misali. Budurwa ce 'yar shekara 21 a jihar New Jersey da ta faɗa doguwar suma a 1975, iyayenta suka nemi a cire mata na'urar numfashi, asibiti ya ƙi, Kotun Ƙolin jihar ta ba su gaskiya a 1976. Da aka cire na'urar sai ta ci gaba da numfashi da kanta, ba ta rasu ba sai a 1985. Da allurar guba aka yi mata, da ta mutu a cikin mintuna. Bambancin ke nan a zahiri: wanda ya janye na'ura ya bar mutum da ciwonsa da kwanansa, wanda ya yi allura kuwa shi ne sanadin mutuwar, ko da ciwon zai ƙyale mutumin shekara tara. A Indiya ma, shari'ar Aruna Shanbaug, ma'aikaciyar jinya a Mumbai da aka kai wa hari a 1973 ta kwanta ba ta san inda take ba har ta rasu a 2015, ita ce ta sa Kotun Ƙolin ƙasar a 2011 ta halatta janye na'ura bisa sharuɗɗa, alhali ta bar allurar kisa a matsayin laifi.

Ɗayan kuma shi ne ba wa mai ciwon ajali magani mai ƙarfi kamar mofin domin kashe masa zafi, ko da ana tsoron zai iya rage masa numfashi. Niyya a nan gusar da raɗaɗi ce, kuma ana auna maganin daidai da zafin, ana ƙarawa a hankali. Likitocin da suka ƙware a kula da masu ciwon ajali sun nuna cewa mofin da aka bayar bisa ƙa'ida ba kasafai yake gajarta kwana ba. Paparoma Pius na 12 ya amsa wa likitoci tun 1957 cewa wannan ya halatta, duk da cewa Cocin Katolika ta haramta kisan tausayi haramci mai ƙarfi, kamar yadda ta nanata a sanarwarta ta 1980.

Malaman Musulunci ma a nan suka ja layi. Larabawa suna kiran abin ƙatlur rahma, kuma daga wannan ne namu kisan jinƙai ya fi kusa. Hukuncinsa a wajen malamai haramci ne, ko majinyaci ya roƙa ko bai roƙa ba, domin rai amana ce a hannun mutum, ba mallakarsa ba ce balle ya bayar da izinin a ɗauke ta. Abin lura a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i shi ne, bayan an ce kada ku kashe kanku, sai aka rufe da cewa lalle Allah mai jinƙai ne a gare ku, wato jinƙai shi ne dalilin hanin, alhali masu wancan suna sun mayar da shi dalilin aikatawa. Akwai hadisin da Bukhari ya ruwaito na mutumin da ya ji rauni, zafi ya ishe shi, ya yanke hannunsa da wuƙa jini ya zuba har ya mutu, aka ce ya yi gaggawar riga Ubangijinsa da ransa. Akwai kuma hadisin Anas da ya hana mutum fatan mutuwa saboda cutar da ta same shi, aka koya masa cewa idan ba makawa, to ya ce Allah ya raya shi matuƙar rayuwa ce ta fi masa alheri, ya ɗauki ransa idan mutuwa ce ta fi. Amma waɗannan malamai ba su ɗauki janye na'ura a matsayin kisa ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986 ta yarda a cire na'urar daga wanda ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya ba ta dawowa, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Rabiɗatul Alamil Islami, a Makka ma a 1987 ta yarda da cirewar idan likitoci uku ƙwararru suka tabbatar, sai dai ta ce ba za a yi masa hukuncin mamaci ba har zuciya da numfashi su tsaya.

Dokar Nijeriya ita ma ba ta san kisan tausayi a matsayin kariya ba. Kundin laifuka da ake aiki da shi a kudancin ƙasar ya bayyana cewa yardar mutum a kashe shi ba ta wanke wanda ya kashe shi, kuma wanda ya gaggauta mutuwar mai ciwo ana ɗaukarsa shi ya kashe shi, taimaka wa wani ya kashe kansa kuwa laifi ne a kudu da arewa. Amma a 2001, a shari'ar Dakta Okonkwo da kotun ladabtar da likitoci, wadda ta taso daga wata majinyaciya da ta ƙi a ƙara mata jini saboda aƙidarta har ta rasu, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da haƙƙin ƙin magani, kuma likitan da ya mutunta wannan bai yi laifi ba. Ke nan a nan ma an raba kashewa da barin mutum da zaɓinsa.

Idan aka dawo kan Hausar kanta, sai a ga sunan kisan tausayi yana da wata gaskiya da kalmar Girkanci ta ɓoye, domin ya ambaci kisa ƙarara. Rauninsa shi ne ya jingina kisan ga abin da ke cikin zuciyar mai kisa, wanda babu mai iya gani. Idan mun ce kisan gilla, muna siffanta yadda aka yi aikin ne, kowa kuma yana iya ganin gawa ya shaida. Idan mun ce kisan tausayi kuwa, mun karɓi bayanin wanda ya yi kisan game da kansa, alhali mai jinyar da ya shekara uku yana wanke marar lafiya, ya sayar da gona da shanu, shi kansa ba lalle ne ya iya rarrabe tausayin majinyaci da gajiyar kansa ba. Ban faɗi haka don zargin masu jinya ba, domin duk wanda ya taɓa kwana a tabarma a bakin gadon asibiti ya san nauyin da suke ɗauka. Muna da kalmar da muke faɗa idan mai doguwar jinya ya rasu, mu ce ya huta, kuma babu wanda ke jin laifi a cikinta, saboda tana siffanta abin da Allah ya yi ne bayan ya yi shi. Da zarar ta zama a hutar da shi, da hannun mutum a ciki, magana ta sauya gaba ɗaya.

A ganina mai rubutu da Hausa zai fi kyautata wa mai karatu idan ya keɓe kisan tausayi ga aikin da ake yi da nufin kashewa, ya kira sauran da sunayensu: janye na'ura, ƙin karɓar magani, rage wa mai ciwon ajali raɗaɗi. Amfanin wannan ba a takarda kawai yake ba. Iyalin da likita ya gaya wa cewa na'urar ba ta ƙara wa mahaifinsu komai, idan abin da suka ji a rediyo shi ne cire na'ura kisa ne, za su ci gaba da cin bashi suna biyan kuɗin gadon asibiti cikin tsoron kada su zama masu kisan kai. Haka ɗan da aka rubuta wa mahaifiyarsa mofin saboda ciwon daji ya ci ƙashinta, yana iya ɓoye maganin don ya ji an ce allurar ƙarasa mutum ce, ya bar ta tana kwana tana nishi.

Gaskiyar magana kuma ita ce, matsalar da ke gabanmu ta sha bamban da ta Holan. Can ana gardama ne a kan mutumin da aka yi masa duk abin da likitanci ya mallaka, ya ce ya isa. A nan galibi ana sallamar majinyaci ne a ce a koma gida a ci gaba da addu'a, wani lokaci don ciwon ya fi ƙarfin magani, wani lokaci don kuɗi sun ƙare, kuma ya koma gidan ba tare da abin da zai kashe masa zafi ba. Akwai fannin likitanci sukutum da aka gina domin irin wannan mutum. Cicely Saunders ce ta assasa shi a tsarinsa na zamani lokacin da ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher a Landan a 1967, bisa fahimtar cewa yawancin masu roƙon a kashe su roƙon a raba su da azaba da kaɗaici suke yi, kuma ita kanta ta rayu tana adawa da halatta kisan tausayi. A Yuganda, Dakta Anne Merriman ta kafa irin wannan hidima a 1993, ta kawo hanyar haɗa mofin na ruwa mai arha da ake sha ta baki a gida, daga baya gwamnatin ƙasar ta ɗauki nauyin bayar da shi kyauta, ta kuma ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, domin a ƙauyuka da yawa babu likitan da zai rubuta.